Hular Kwanon Auta

Akwai wani mai fenti da 'yan unguwa suka laƙaba wa suna Na-Sani, domin kafin ka kai ƙarshen magana ya tare ka da "Na sani, na sani!" Gwani ne, ba a ja da wannan. Ƙofar da ya shafa sai ka ga fuskarka a jikinta. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jin shawarar kowa.

Wata rana 'yarsa Auta ta faɗo gida a guje, ko kekenta ba ta tsaya jinginewa ba. An zaɓe ta cikin masu tseren keke na makarantu, abin da ta daɗe tana sammako tana atisaye dominsa. Koci ya raba wa kowace yarinya hular kwano fara fat.

Na-Sani ya jujjuya hular, ya taɓe baki. "'Yar mai fenti guda da hula kamar ƙwan kaza? Ina! Harshen wuta zan zana miki, ja da ruwan ɗorawa. Kina wucewa kowa ya san 'yar wane ce."

Auta ta daka tsalle don murna. "Amma Baba, Koci ya ce in za a yi mata ado sai da fentin ruwa, wai na mai yana..."

"Na sani, na sani! Koci ya san keke, ni na san fenti."

Nan take ya shimfiɗa kwali a tsakar gida. Ya goge hular da samfefa, ya manna salatif ya yanka shi siffar harshen wuta, yana waƙa. Ya ɗauko ragowar fentin mota, ya tsinka shi da tina, ya hau feshi. Da ya gama da waje ya ga farin soson ciki yana ɓata masa tsari, sai ya kifa hular ya feshe cikin ma sosai.

Matarsa ta leƙo tana toshe hanci. "Maigida, soson nan fa kamar yana motsewa."

"Fenti ne yake kama jiki. Ke dai ki zuba ido."

Gaskiya hula ta yi kyau. Ranar tsere, filin ya cika maƙil, ga kiɗa, ga iyaye suna ihu. 'Yan mata suka yanyame Auta, wannan ta shafa, waccan ta ɗauki hoto. Na-Sani kuwa sai ɗaga kai yake yana baza riga, ko ba a tambaye shi ba yana cewa aikinsa ne.

Kafin a fara, alƙaliyar tsere ta bi layi tana duba hular kowa. Da ta zo kan ta Auta ta yi murmushi, sannan ta danna cikinta da babban yatsa. Yatsan ya nutse. Ta ja igiyar haɓa a hankali, sai ga ta ta ɓalle ɗungurungum da guntun soso a jikinta.

"Wa ya yi wannan fentin?"

"Ni ne!" in ji Na-Sani, tun bai gane abin da ya faru ba.

Alƙaliyar ta ce, "Malam, tina ta cinye soson. Shi ne ke kare kai in an faɗi. Wannan yanzu ɓawo ce kawai, ba zan bar yarinya ta hau keke da ita ba."

Na-Sani ya karɓi hular. Ya ruga wurin Koci, ya bi iyaye ɗaya bayan ɗaya yana roƙon aro, amma kowace hula tana kan mai ita. Yana cikin haka aka busa usur. Kekuna suka tashi fuu, filin ya ɗauki sowa.

Ya dawo ya tarar da Auta a bayan igiyar da ta tare 'yan kallo, riƙe da kekenta, tana bin ƙawayenta da kallo, hawaye na zuba. Ya tsugunna a gabanta. Sai ta share ido, ta dubi hular da ke hannunsa, ta ce, "Kar ka damu, Baba. Ai ta fi ta kowa kyau."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Darasin da ke nan shi ne: ƙwarewa a sana'a ba ta hana mutum sauraro. In an fara ba ka shawara, bari a kai ƙarshenta, ko daga bakin ɗanka ta fito. Wanda ya ce ya san komai ba shi kaɗai ke shan wahalar kuskurensa ba. Sau da yawa wanda ya fi ƙauna ne ke ɗaukar asarar.