Layukan da Ya Goge da Ƙwan Zabin Taura

A nan cikin Dutse, ta wajen Limawa, an yi wani mutum mai rubuta manhajar kwamfuta. Ba zan faɗi sunansa ba. Allah ya ba shi basira, wannan babu musu. Shi da abokiyar aikinsa, Malama Safara'u, suka haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da sola. Akwai ma'aunin zafi a cikin akwatin, manhaja tana karanta shi. In zafi ya yi ƙasa ta kunna wuta, in ya isa ta kashe.

Malama Safara'u ta sa wasu layuka a manhajar, layukan tabbatarwa. Wato mai rubutu ya faɗi abin da ya ɗauka gaskiya ne, ya sa na'ura ta riƙa duba masa. Ɗaya daga ciki cewa yake: abin da ma'auni ya kawo dole ya kasance tsakanin digiri goma da hamsin. In ya fita daga nan, ma'aunin ne ya lalace, a kashe wuta, a buga ƙararrawa.

Rannan shugabannin wata ƙungiyar manoma suka zo daga Taura ganin injin. Yana cikin bayani, baki har kunne, sai ƙararrawa ta ɗauka. Ma'auni ya kawo sifiri. Sifiri, a Dutse, da rana tsaka! Kunya ta rufe shi. Ya kashe, ya kunna, abu ya ci gaba, ya ce musu ba komai ba ne.

Da baƙi suka tafi, Malama Safara'u ta ce su buɗe akwatin su duba wayar ma'aunin. Ya ce, "Malama, ma'aunin nan sabo ne dal, da hannuna na sa shi. Layukanki ne suka kunyata ni."

Tana fita ya goge su. Bai gaya mata ba, bai gaya wa manoman ba.

Ya 'yan uwa, wane irin tunani ne wannan? An ce maka ga matsala, maimakon ka nemi matsalar, sai ka toshe bakin mai faɗa? Me layin ya yi masa, in ba gaskiya ba?

Damina ta sauka, zabi suka fara zuba ƙwai. Mutanen Taura suka cika masa injin. Har da Gwaggo Kubura, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ta yi kwanaki tana bin gindin ciyayi tana tsintar na zabinta, ta jera su cikin dusa a ƙwarya, ta hau mota ta kawo da kanta. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, nan da sati huɗu ta zo da kwando.

Rana ta ashirin da uku, ranar Juma'a ce, ya kulle shago ya tafi masallaci. Wayar nan da tuni take lilo ta ƙarasa cirewa. Ma'auni ya ce sifiri. Manhaja ta yarda, tunda an cire mai musa mata. Ta kunna wuta, ta bar ta a kunne, tana jiran zafin da ba za ta taɓa gani ba. Babu ƙararrawa.

Bayan la'asar ya buɗe ƙofa, wari ya tare shi. Gaba ɗaya ƙwan sun dahu.

To, ko a nan ya tsaya ya ce ya yi kuskure? Ina! Da mutane suka taru sai ya ɗora wa batirin sola. Malama Safara'u ba ta yi musu da shi ba. Kwamfuta kawai ta buɗe, domin tana adana tarihin duk gyaran da aka yi. Ga ranar, ga sunansa, ga layukan da ya goge.

Gwaggo Kubura ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa. Ga ɗan zabo a ciki har da gashinsa. Ta juyo ta dubi ɗan wan nata, ta ce, "Ɗana, ashe an gaya maka?"

Malama Safara'u ta daina aiki da shi. Labari ya kai Taura, ya kai Garki. Yanzu ko waya babu mai miƙa masa gyara.

Ya 'yan uwa, kuskure ba shi ne ya kayar da mutumin nan ba. Wayar ma'auni takan cire a hannun kowa. Girman kai ne, da ɓoye aibi ga waɗanda suka ba shi amana. Masu wannan sana'a, duk abin da kuka ɗauka tabbas ne, ku rubuta shi, ku bar na'ura ta bincika. Ran da ta tsaya ta ƙaryata ku, ku je ku duba. Sauranmu kuma, kowa ya tambayi kansa: wa ya gaya mini gaskiya na daina gaishe shi?

Allah ya kiyaye mu daga ƙin gyara, ya sa mu sauke amanar mutane tun ana iya saukewa. Amin.