Masanin Taurari da Matsamin Ƙosai

A wani gari da ba sai an faɗi sunansa ba, akwai wani mutum, masanin taurari ne. Sunansa ya kai ƙasashen da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Idan ya ɗauki alli ya tsaya gaban allo, yakan gaya maka ranar da tauraro kaza zai fito da ranar da zai ɓuya, kuma haka za a yi. A birni Farfesa ake ce masa, ana miƙewa idan ya shigo. A garinsu kuwa Auta ne, domin daga shi ba a ƙara ba.

Abin da ya tura shi wannan karatu ba abin daɗi ba ne. Yana ƙarami aka yi husufin rana. Al'adar garin ita ce, da rana ta fara dushewa, kowane gida a cika kwano da ruwa, a ajiye a tsakar gida, a kalli ranar a ciki. Wai ruwa yana sanyaya ta. Mahaifiyarsa ta sunkuya a kan kwano, ta kalla har ta ƙoshi. Tun daga ranar wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar ganinta. Ba ta ƙara zura zare a allura ba, fuskar ɗanta ma sai ta karkata kai take ganinta.

Shekaru suka wuce. Wata rana lissafinsa ya nuna masa cewa husufi zai sake ratsawa ta garinsu, ranar wata Talata, da hantsi. Nan da nan ya aika a kawo masa tabarau na musamman guda dubu biyu, irin waɗanda ke kare ido. Shi kuma ya riga su zuwa, da madubin hangen nesa mai kama da turmi a kan ƙafa uku. Aka tara jama'a a ƙofar mai unguwa.

Ya gyara wuyan riga. Ya yi gyaran murya sau uku, kamar janareta mai ƙin tashi.

"Jama'a, binciken kimiyya ya tabbatar, bisa la'akari da kusurwar da ke tsakanin falakin wata da doron ƙasa, cewa haskoki masu tsananin kaifi, waɗanda a zahiri ba sa bayyana ga ma'abocin kallo..."

"Haka ne," in ji mai unguwa, yana gyaɗa kai. "Ƙwarai kuwa. Ba shakka." Sa'an nan ya karkata ga na kusa da shi, ya rage murya. "Me ya ce?"

"Ranka ya daɗe, ina jin lantarki za a kawo mana."

Sai wata murya ta taso daga baya, irin muryar da ba ta bukatar lasifika. Gwaggo Kande ce, ƙanwar mahaifinsa, mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa.

"Auta! Yi mana Hausa. Mu ba mu je makarantar taurari ba."

Farfesa ya haɗiye sauran jawabinsa. "Gwaggo, ranar Talata kada kowa ya kalli rana. Ko a sama, ko a kwano. Kwanon nan shi ya ci idon Inna."

"Allah sarki, Inna. To, amma ɗana, ka san mutanen garin nan. Akuya ma in ta haihu sai sun je kallo. Rana ce za ta mutu ta tashi, ka ce su shiga ɗaki?"

"Tabarau suna hanya. Kowa zai samu."

Talata ta zo, tabarau ba su zo ba. Da safe labari ya iso cewa motar da ta ɗauko su ta lalace, tafiyar yini guda daga garin. Tabarau ɗaya ne a aljihunsa. Madubin nan kuma ido ɗaya yake ɗauka, ga mutum dubu biyu.

Ya fito kan hanya, sai ya ga abin da yake gudu: mata suna wanke kwanoni, ana jera su a rana, yara sun kewaye suna jira. Ya shiga gudu gida gida, babbar riga tana tashi a bayansa. Ya zubar da ruwa a nan, kafin ya kai gida na gaba an sake cikawa.

"Farfesa, don Allah!" in ji wata, hannu a ƙugu. "Ruwan nan daga rijiyar tudu na ɗebo shi. In ka zubar, kai da iliminka za ku je ku ɗebo mini wani!"

Ya sa tabarau ɗin nan guda, ya duba sama. An riga an gutsuri gefen rana, daidai lokacin da ya lissafa, ko minti ɗaya bai kuskure ba. Bai taɓa baƙin cikin dacewar lissafinsa ba sai ranar. Ya ja ƙafa har bakin kasuwa, ya zube a kan bencin Gwaggo Kande, ya sunkuyar da kai.

"Ya Ubangiji," ya ce, "na san ranar, na san sa'ar. Amma ido ko ɗaya na kasa karewa. Ka taimake ni."

"Ci ƙosai tukuna," in ji Gwaggo. "Kai ka fi kama da wanda husufin ya kama."

Ta tsamo ƙosai, ta juye a tire, ta miƙa matsamin gefe don mai ya tsane. Tsohon matsami ne, baƙi ƙirin, kamunsa a ɗaure da waya. Inuwarsa ta faɗi a ƙasa, daidai tsakanin ƙafafun Farfesa, inda idonsa yake.

A cikin inuwar akwai ɗigon haske, kowane huji da nasa. Amma ba su zagaye ba. Kowannensu an gutsure shi a gefe guda. Ƙananan ranaku ne, wajen talatin, kwance a turɓaya, kowace tana yin husufinta.

Ya san wannan abu. Tun shekararsa ta farko a jami'a ya san cewa haske in ya bi ta ƙaramin huji yakan zana hoton inda ya fito. Shi da kansa ya koyar da shi. Manyan na'urori ne suka sa ya manta.

Ya yi tsalle ya fizge matsamin.

"Auta, ka haukace ne? Ƙosaina yana wuta!"

"Gwaggo, dubi ƙasa!"

Ta duba. Ta ƙara dubawa. Sa'an nan ta dafe ƙirji, ta rangaɗa guɗar da ta tayar da tattabarun kasuwa. Shi kuwa ya haye benci, babu gyaran murya, babu falaki, ya buɗe baki kamar mai shela:

"Ku ba rana baya! Ku ɗauko duk abin da ke da huji! Ku dubi ƙasa!"

Gwaggo ta karɓi maganar ta jefa ta har bayan gari. Wanda ya zo ya gani ya ruga ya gaya wa goma. Kafin a cinye rabin rana, gari ya fito da hujinsa. Mata suka ɗauko madambaci da kwando. Manoma suka cire malafa. Wani tsoho ya tuɓe singiletinsa da matarsa ta yi shekara uku tana roƙo a yar, ya ɗaga shi sama kamar tuta, yana cewa, "Ina take? A kira ta ta ga amfaninsa!" Ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya ma, inda haske ke bi ta tsakanin ganye, ƙasa ta cika da jinjirin rana, ba su ƙirguwa. Yara suka watsar da kwanoni suka bi su da gudu. Kaji ne suka sha ruwan.

Rana ta sirance kamar yankan farce. Iska ta yi sanyi, zakaru suka yi cara a ruɗe. Mutum dubu biyu suna tsaye, keya ga sama, ido a ƙasa, suna ta ihun murna. Da haske ya dawo, Farfesa ya bi su layi layi yana tambaya. Babu ido ko ɗaya da ya taɓu. Matasa suka ɗaga shi a kafaɗa suka zaga kasuwa da shi, matsamin yana hannunsa har yanzu, Gwaggo tana bin su a baya tana cewa a dawo mata da kayan sana'arta.

To, ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne.

Ranar nan ita ce ɗaukakar Allah, wadda idon ɗan adam ba ya iya ɗauka. Kwanon ruwa shi ne dabarunmu na neman ganinsa ta hanyar da muka ga dama. Suna da kyan gani, amma makanta ce a ƙarshensu. Allah kuwa ya san ƙarfin idonmu. Shi ya sa ya aiko Ɗansa, Yesu Almasihu, ya sauko har turɓayar da muke takawa, inda mai sunkuyar da kai zai gan shi ya rayu.

Matsamin kuma mu ne, ni da ku. Na san abin da wani zai ce: "Ai ni ban yi makarantar tauhidi ba. Bari dai babban mai wa'azi ya zo daga birni." Wata kuma: "Ni da ko addu'a aka ce in yi sai murya ta riƙa rawa?" Kuna jiran motar tabarau ke nan, maƙwabcinku kuwa ya riga ya cika kwanonsa. Ku lura, hujin matsami ba shi da hasken kansa, bai kuma yi ƙoƙarin komai ba. An ɗaga shi cikin rana ne kawai, haske ya bi ta cikinsa. Huji mai kyau da karkatacce, rana ɗaya suka zana.

Saboda haka kada ka ɓoye kanka don ka yi baƙi, ko don an ɗaure ka da waya. Gobe da safe, a gida, a makaranta, a bakin rijiya, akwai wanda ba zai taɓa shiga ɗakin sujada ba, amma zai dubi inuwarka. Ka tsaya cikin hasken Almasihu, ya ga abin da ya faɗi a wurin.