Ƙayar da Hollis Ya Dasa wa Maƙwabciyarsa

Akwai wani dattijo mai suna Hollis Brumley, tsohon direban babbar mota, da ke zaune a wani ƙaramin gari a bakin hamadar Arizona. Matarsa Jolene ta rasu, ta bar masa bishiyar lemo da ta dasa da hannunta a jikin shinge. Kullum da safe yana ba ta ruwa kamar mai gaida matar.

Maƙwabciyarsa Verna Stapp kuwa mace ce mai kaushin hali. Ka gaishe ta, ta amsa kamar ka taka mata ƙafa. Ko mai kawo wasiƙa ba ya son tsayawa a ƙofarta.

Wata rana Hollis ya dawo daga asibiti ya tarar ta sa zarto ta datse duk rassan da suka leƙa gidanta, har ta ci rabin gangar bishiyar.

Ya ce, "Verna, Jolene ce fa ta dasa ta."

Ta ce, "To Jolene ta zo ta share mini ganyen."

Kafin zafi ya wuce bishiyar ta bushe. Ranar da ya tumɓuke ta ya rantse sai Verna ta yi kuka da idonta.

Akwai wani siririn lungu a bayan gidajen biyu, inda Verna ke bi da silifa ta kai shara. Hollis ya shiga daji da shebur, ya haƙo irin ƙayar nan mai gaɓa-gaɓa, wadda da ka goge ta sai gaɓa ta ɓalle ta maƙale a nama. Ya dasa ta gefe da gefe, ya barbaza gutsattsarinta a ƙasa ya rufe da yashi. Daga nan kullum sai ya zauna a baranda da kofin kofi yana jiran ihu, yana murmushi shi kaɗai.

Ihun ya zo ranar Lahadi, amma ba muryar Verna ba ce. 'Yarsa Dana ce ta kawo masa ziyara ba sanarwa, jikarsa Tessa kuma ta zagaya ta baya da gudu don ta ba kakanta mamaki. Ta faɗa cikin ƙayar da hannu da gwiwa.

Hollis ya kai hannu zai cire, ƙayar ta kama shi shi ma. Sai ga Verna da mataji da filaya.

Ta ce, "Matsa can, tsoho, ba ka iya komai ba sai ɓarna. Ke kuma yarinya, riƙe uwarki ki daina motsi."

Ta zura matajin ƙarƙashin kowace gaɓa tana fizgewa, sannan ta bi sauran ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta lallashi kowa ba har ta gama.

Dana ta ce, "Wane mugun ne ya dasa wannan a hanyar mutane?"

Verna ta goge filayarta a jikin siket. Ta ce, "Tambayi ubanki. Ina kallonsa ta taga ranar da ya dasa. Tun daga lokacin ta ƙofar gaba nake kai sharata."

Dana ta dubi mahaifinta. "Baba, da gaske ne?"

Hollis ya sunkuyar da kai. Dana ta ɗauki 'yarta ta sa a mota, ko abincin da ta kawo masa ba ta sauke ba. Shekarar nan ta ƙare ba ta sake kawo yarinyar ba, kuma idan ya buga waya Tessa takan ce ba ta son magana da Kaka.

Darasi: Mai kaushin hali zai iya ɓata maka rai, kuma ba laifi ba ne ka ji zafi. Amma tarkon ramuwa ba ya tambayar sunan wanda ya taka shi, sau da yawa naka yake kamawa. Tura wa wanda ka san yana riƙe da wani a zuciya, wataƙila ya saki tun bai yi nadama ba.