Jakar da Ta Riga Kowa Shiga

Akwai wani mai sayar da kayan gyaran mota da 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna Ka-San-Ni, don ba ya minti biyar a wuri bai tambayi wani, "Ka san ko ni wane ne?" ba. Ni kaina da cika baki ya zame mini sana'a, na sara masa.

Mahaifinsa ya daɗe yana fama da ciwon ido. Na hagu ya mutu, na dama ya fara dishi-dishi. Wani asibiti a ƙasar waje ya sa musu ranar aiki, Laraba da safe. Likita ya faɗa ƙarara: in suka rasa ranar sai bayan wata biyar, idon kuma ba zai jira ba.

Ranar Litinin da hantsi suka isa filin jirgi. Wani dattijo mai lodin kaya ya turo wa Baba keken marasa lafiya, sannan ya miƙa hannu zai ɗauki jakar ɗan.

"Kai, janye hannunka! Fatar nan ba ta saba da irin hannunka ba."

Baba ya lalubo hannun dattijon ya riƙe. "Yi haƙuri, malam. Tun yana goye haka yake, sai ya yi kuka kafin ya ji yunwa. Ya iyali?"

Layin auna kaya ya yi tsawo. Ka-San-Ni ya ratsa mutane ya tsaya a gaba, ana ta gunaguni bai ko waiwaya ba.

Ma'aikaciyar da ke kanta ta ce, "Yallaɓai, in akwai takardu ko magani a ciki, a cire."

"Ni za ki koya wa tafiya? Fasfo biyu na cika."

Jaka ta hau bel ta shige ciki.

Ba a yi minti ashirin ba aka yi sanarwa. Masu lodin kaya da ma'aikatan cikin jirgi sun shiga yajin aiki, wata uku ba a biya su alawus ba. An soke duk tashin kamfanin. Wuri ya kaure. Mai zuwa jarrabawa ta fashe da kuka, mai zuwa taro ya kama buga waya.

Ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta ce jirgin wani kamfani zai tashi da la'asar, akwai 'yan kujeru. Wanda kayansa ke hannu ya matso. Duk mutanen da Ka-San-Ni ya tsallake suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na jan jakarsa.

Baba ya ce, "Mu bar kayan mana, tufafi ne. Ina takardun asibitin da hotunan idon?"

Ka-San-Ni ya dubi bel ɗin.

Suna cikin jakar.

Ka-San-Ni ya doki kanta, ya juya kan mai gadi. "Ka san ko ni wane ne?"

"Mun sani, yallaɓai. Kai ne na ɗaya a layi."

Baba ya ce a tura shi waje, inda masu yajin ke zaune a inuwa da kwalayensu. Da murya ya gane dattijon.

"Malam, ban zo raba ku da haƙƙinku ba, Allah ya ba ku nasara. Ido ɗaya ya rage mini, takardunsa kuma suna ɗakinku."

Dattijon ya tashi ya yi magana da shugaban ƙungiyarsu. Shugaban ya dubi Baba ya ce, "Mun yi alkawari, yau hannun ɗayanmu ba zai taɓa jaka ba. Amma nuni ba lodi ba ne. Mai kaya ya je ya ɗauki kayansa."

Mai gadi ya raka Ka-San-Ni da dattijon ɗakin kaya. Zafi kamar gidan burodi, jakunkuna sun fi ɗari uku, rabinsu baƙaƙe irin tasa. Dattijon ya tsaya, hannuwa a baya.

"Ba wannan ba, yallaɓai. Ɗaga ta ƙasan. A hankali, kayan mutane ne."

Awa guda Ka-San-Ni yana jido. Rigarsa ta yage a hammata, takalmi ɗaya ya maƙale.

Ya dubi dattijon. "Baba, don Allah ɗan kama mini."

"Yau na zama baba? Ai ka ce fatar ba ta saba da hannuna ba."

Jakar da ta riga kowa shiga, ita ce a can ƙarƙashin duka. Suka samu kujeru biyu na ƙarshe a jirgin la'asar, dab da ban ɗaki.

Ranar Laraba aka yi aiki, ido ya buɗe. Da suka dawo, yajin aikin ya ƙare. Tun kafin su fita daga filin jirgi Baba ya ce, "Kai ni in ga fuskar mutumin nan, muryarsa kawai na sani."

Suka same shi yana jera wa fasinjoji kaya, mutane sun yi layi a gabansa. Ka-San-Ni ya rungumi jakarsa, ya koma can baya ya tsaya.

Darasi: Hannun da ka raina, ranar da ya naɗe za ka san nauyin da yake ɗauke maka. Gaisuwar Baba ta buɗe ƙofar da tsawar ɗansa ta kasa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wannan abokin naku da ba ya bin layi. Kun san shi, ni ma na san shi.