Akori-kurar Tanimu da Farin Layi

A wani gari an yi wani Sarkin Hanya mai zafin kai. Ya sa aka ja farin layi a tsakiyar titi, ya ce duk wanda ya ƙetare shi tara ta hau kansa. Ita kuwa akori-kurar Tanimu direba kwananta uku da mutuwa a tsakiyar titin. Da masu fenti suka iso kanta, sai suka ɗaga burushi, suka ci gaba daga gabanta.

Washegari Sarkin Hanya ya tarar da tayoyi biyu nan, biyu can.

"Ka ƙetare layi, sai tara," in ji shi. "In ka janye ta, ka sake ƙetarewa, tara biyu. In ka bar ta, ka tare hanya, tara uku."

Tanimu ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, wani na tsaye, wani na tafe. Wa ya ƙetare wani?"

"Mai tafiya mana."

"To, motata ko motsi ba ta yi ba tun ran Talata. Layin nan ne ya taso daga tasha, ya tsallake ta, ya wuce kasuwa. A leƙa ƙarƙashinta a gani."

Sarkin Hanya ya durƙusa ya leƙa, ko ɗigon fenti babu.

"Wa ya aiko layin, ranka ya daɗe?"

"Ni ne," ya amsa a sanyaye.

"Ashe tarar taka ce. Amma na yafe. Sai dai a naɗe babbar riga, a taya ni turi."