Ɗakin Inna Mariya

Akwai wani saurayi a Yelwan Yauri ana ce masa Sahabi. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ya samu aikin akawu a Birnin Kebbi. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya taɓa zama kujerar ofis.

Mahaifinsa masunci ne a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, bakin ruwan Kainji. Da ya rasu, mahaifiyar Sahabi, Inna Mariya, ta dawo Yelwa ta raɓe a gidan ƙanenta. Gidansu na ƙauye aka ja ƙofa aka bari.

Shekara bakwai ba a hura wuta a ciki ba. Jemagu suka gaje zaure. Ruwan sama ya yi ta lasar bango har tubali ya fito fili.

Sahabi ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa. Akawu take ce masa.

Ran nan ya zo gaisuwa, ta ce, "Akawu, abu guda nika roƙo. Ka maishe ni ɗakina. Na gaji da zama gidan mutane."

Ya ce, "An gama, Inna. Can za ki yi ƙaramar sallah."

Ya tafi ƙauyen, ya nemi Baba Ishaya, tsohon maginin da ya gina gidan tun farko, aminin mahaifinsa. Kirista ne, amma shi ke yi wa masallacin ƙauyen yaɓe duk shekara, ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki.

Tsoho ya zagaye gidan a hankali yana shafa bango da tafin hannu. Ya ce, "Gida bai mutu ba, ɗana. Tufa kawai ya rasa. Mu cike inda ruwa ya ci da jar ƙasa, mu bari ya sha iska. In ɗorawa ta nuna, mata suka cire gari da kalwa, sai mu tara ɓawon mu jiƙa. Ruwan nan da ke fita jawur, shi ne makuba. Da shi za mu kwaɓa yaɓen. Ruwan sama sai dai ya zame ya wuce."

"Yaushe ke nan?"

"Bazara. Bayan sallah da kaɗan. Kuma duk shekara biyu a sake shafawa."

Sahabi ya yi dariya. "Baba, mun samu jiha, gwamnanmu daban, sannan in shafa wa ɗakin uwata ruwan ɓawon ɗorawa? Gida za mu gyara ko daddawa za mu dafa? Siminti za a sa."

Baba Ishaya ya ce, "To gwamnan ya hana ƙasa zufa? Nan bakin ruwa ne. Danshi daga ƙasa shika hawa bango. Makuba tana barin shi ya fita ya bi iska. Siminti kuwa rufe shi zai yi ciki, ƙasa ta ruɓe kai ba ka gani."

"Wannan zancen da ne, Baba."

"Na da ne. Amma ba da hannuna ba. Ni da ubanka muka ɗora wanga bango."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Sahabi ya ɗauko wani birkila daga Yelwa mai suna Basiru. Cikin kwana tara aka lulluɓe gidan da siminti ciki da waje, aka shafa shuɗin fenti. Daga cikin kwalekwale ma ana hango shi.

Inna ta tare ana saura kwana uku sallah. Ta zauna bakin ƙofarta ta daɗe tana kallon ruwa. Matan ƙauye suka yi ta shigowa suna shafa bango suna sa wa ɗanta albarka. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai, don ba a yabon ɗan fari a gaban uwarsa ta amsa. Amma duk wanda ya ga fuskarta ya san abin da ke ranta.

Damina ta farko ta zo ta wuce lafiya. Da Sahabi ya haɗu da tsohon a bakin kasuwa, ya ce, "Baba, bangon namu fa har yau bai yi zufar ba."

Baba Ishaya ya ce, "Allah shi sa ni ne ban sani ba."

Damina ta biyu ta yi nisa, tafkin Kainji ya fara cika. Wata safiya Baba Ishaya ya zo gaida Inna. Da zai fita ya ƙwanƙwasa bangon ɗakinta da sanda. Maimakon ya ji tauri, sai ya ji amo kamar na ganga. Ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Haka dai.

Ya koma ciki ya ce, "Mariya, siminti ya rabu da ƙasa. Ki kwashe kayanki ki koma wajen Rahila har ruwa ya ɗauke." Rahila matarsa ce.

Inna ta ce, "In na fita, mi za a ce? A ce aikin Akawu bai yi ba. Yaron da garin nan duk ke misali da shi."

"A ce mana. Magana ba ta danne mutum."

"Kai dai aika mishi. Abin da ya ce, shi za a yi."

Aka ba wani direba saƙo. Ƙarshen mako Sahabi ya zo, shi da Basiru. Baba Ishaya ya nuna musu tsaga siririya daga gindin bango har taga. Ya ce a ɓamɓare simintin yanzu, a tokare rufin da itace, a bar bango ya bushe.

Mutane sun taru suna kallo. Sahabi ya dubi shuɗin fentinsa, ya dubi mutanen. Ɓamɓarewa na nufin ya ce tsoho ya yi gaskiya a gaban kowa.

Ya ce, "Basiru, wannan ba liƙewa za a yi ba?"

Basiru ya ce, "Rabin buhu ya isa, ranka ya daɗe."

Aka liƙe tsagar da sabon siminti. Ita ce kaɗai kafar da danshi ya samu yana fita, ita ma aka toshe.

Da Sahabi zai koma, Inna ta ɗaure masa busasshen kifi a takarda. Ta ce, "Ka ci abinci, Akawu. Ka rame."

Bayan kwana goma sha ɗaya aka yi ruwan kwana uku bai ɗauke ba. Ranar da rana ta leƙo, Inna ta yi azahar ta kishingiɗa a ɗaki. Mata suna shanya a waje suka ji ƙara ɗaya, ba mai yawa ba ma. Bangon gabas ya zube ciki, rufi ya bi shi.

Baba Ishaya ne ya fara isa. Da hannu ya yi ta tono har faratansa suka fashe.

Sahabi bai samu jana'izar Inna ba. Ya iso washegari da hantsi. Ya tarar da simintinsa kwance falle-falle, fentin ko ƙwarzane bai yi ba. Ya tsugunna ya cusa hannu cikin abin da ya rage na bangon. Hannun ya nutse har wuya, ƙasar ta zama kamar kunu.

Ba wanda ya ɗora masa laifi. Da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Bayan addu'ar bakwai ya je gidan Baba Ishaya. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Baba, ka tayar da ɗakin. Yadda ka ce, haka za a yi. Ko shekara nawa ne zan jira."

Tsoho ya daɗe yana duban yatsunsa da ke naɗe da tsumma. Ya ce, "Tayarwa ba wuya, ɗana. Ƙasa na nan, ɗorawa za ta nuna. Amma in na gama, wa zai shiga?"

Sahabi ya tashi, ya ɗauki takalminsa ya fita.

Darasi: Ba duk abin da ya tsufa ne ya zama jahilci ba. In za ka raya tsohon gini, tambayi wanda ya san ƙasar wurin, ka ba shi abin da ya dace da jikinsa, ba abin da zai burge masu wucewa ba. Kuma in an nuna maka kuskurenka, ka amsa tun yana tsaga, kada kunyar idon mutane ta sa ka liƙe shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai tsohuwa a ɗakin ƙasa da aka yi wa siminti. Ya je ya ƙwanƙwasa bangon kafin damina.