Lallen Inna Daso

Dalilin da ya sa ganyen lalle yake kore shar, amma in an ƙunsa sai hannu ya fito ja, ba kowa ya san shi ba. Ku gyara zama ku ji. Kai kuma Sallau, bar tsokanar ƙanwarka.

A da, lalle tsiro ne kawai na bayan ɗaki, ƙamshin furensa ake so. Ko an daka ganyen an shafa, ruwa ɗaya yake wanke shi.

To, akwai wata mata wai ita Tabawa, tana zaune da mahaifiyarta Inna Daso. Shekarar da tsohuwar za ta bi ayari zuwa Makka da ƙafa, ta ja 'yarta bayan ɗaki ta nuna mata lallen da ta dasa.

"Kin ga wannan? Muddin yana tsaye ina raye. Ran da ya bushe, ki tara mutane a yi mini addu'a."

Tun daga ranar Tabawa ba ta karya kumallo sai ta leƙa shi. A damina ta uku, rana tsaka hadari ya haɗo daga gabas, ƙanƙara ta zubo kamar ana jifa da tsakuwa. Kafin a ɗauke, lallen nan ya zama tsinke: ganye a ƙasa, rassa a karye, ɓawo a ɗaye. Tabawa ta fito ta tsaya a kansa.

Tsoro ya sa ta yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma, ga damina, har gindin ya zama caɓi. Ɗan ganyen da ya rage ya yi ɗorawa ya zube. Abinci ya daina shiga bakinta. Da abin ya fi ƙarfinta, ta je bakin rafi ta kira Baba Nomau mai lambu.

Tsohon ya duba ya girgiza kai. "Ke 'yar nan, wannan shayarwa ce ko kisa? Sa farce ki kankare ɓawon. In kin ga kore, da ransa."

Ta kankare sama, busasshe. Ta sauko tsakiya, busasshe. Sai can ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga gindi, farcenta ya tono ɗan kore mai danshi.

"Da ransa," in ji Baba Nomau. "Ki janye ruwan nan, ki yi masa aski daga nan zuwa sama." Ya miƙa mata lauje.

Ta ja da baya. "Baba, ni in ɗora wa uwata ƙarfe?"

"Itace ne fa!"

"A wurinka."

Sai ta yi askin da hannu. Kun san tsohon reshen lalle da tsini kamar ƙaya. Tana karya yana sukarta, jini na bin yatsunta yana ɗiga a kan kututturen, ba ta tsaya ba sai da ta gama.

Mako ɗaya shiru. Mako biyu shiru. Maƙwabta suka fara cewa ai ta ƙarasa shi, ita kuwa ko sallama aka yi a ƙofar gida sai ta ɗauka labarin rasuwar Inna aka kawo. A kwana na ashirin toho ya ɓullo, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Hannunta dai bai warke ba. Da ganyen ya yi ƙwari, ta tsinki kaɗan ta daka ta ƙunsa, ko ciwon zai yi sanyi. Da ta kwance, tafinta ja jawur, har farce. Ta wanke da toka, ta goge da yashi, yana nan. Ta zauna daɓas ta fashe da kuka, ta ce wannan jinin Inna ne ya biyo ta. Da wannan fargabar ta kai kaka.

Bayan an yi girbi ayari ya dawo. Ga Inna Daso a kan jaki, ta rame amma bakin nan yana nan yadda yake. Tabawa ta rungume ta tana ba ta labari tana kuka. Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke dai wawuya ce! Na san halinki da mantuwa, na faɗa ne don ki riƙa ba shi ruwa."

Sai idonta ya kai kan hannun 'yarta, tabo a kan tabo. Dariyar ta tsaya. Ta riƙe hannuwan biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Daka mini nima. Ba za ki ɗauki wannan ke kaɗai ba."

Aka ƙunsa mata, nata ma ya fito ja. Matan garin suka gani suka yi sha'awa, kowa ta zo neman reshe.

Shi ya sa har yau lalle yake mayar wa hannu jan jinin da ya sha. A fata ya yi 'yan makonni ya tafi, amma a farce ba ya saki sai farcen ya fita, don farce ne ya fara gano lallen yana da rai.